Dogayen lasifikoki masu sauƙin kuɗi: wacce ta dace da falonka?

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan sauti a Sabon Gari ya san yadda cinikin yake tafiya. Kana nuna doguwar lasifika yaron shago zai jona waya, ya murɗa sauti har ƙarshe, gilashin kanta ya kama rawa, sannan ya dube ka ya ce, "Alhaji, ka ji bas kuwa?" Kai kuma abin da zai fara fitowa daga bakinka shi ne, "Wat nawa ce?" Ni ma na yi wannan tambayar shekarun baya. Aka nuna mini kwali an rubuta wat 5,000 da manyan baƙaƙe, na biya na kai gida. Ba a yi wata uku ba na gane abin da na saya. In ana kallon fim, ƙarar bindiga ta tashi yara daga barci, amma maganar 'yan wasa sai an kasa kunne. In aka sa karatun Alƙur'ani, muryar mai karatu ta fito kamar daga cikin randa. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma shi ya sa na zauna na koyi yadda ake zaɓen lasifika.

Lasifikokin da nake magana a kansu su ne dogayen nan masu tsayuwa da kansu a ƙasa, tsayinsu wajen mita ɗaya, ana ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagun talabijin. Ba a jona su da wutar lantarki kai tsaye. Amfilifaya ce take tura musu sauti ta waya, don haka duk wanda zai saye su ya sa kuɗin amfilifaya a lissafi tun farko. Sun bambanta da hom tiyatar kwali ɗaya da ake sayarwa da siraran sanduna huɗu. A waccan, sandunan kusan fanko ne, ƙaramar lasifika ce ɗaya ko biyu a ciki, duk nauyin aikin yana kan akwatin wufa, wato babbar lasifikar da take fitar da bas, sautin nan mai kauri.

Lambobin da ke jikin kwali

Wat ɗin da ake rubutawa da alamar PMPO ba shi da wani ma'auni da aka amince da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Ko wat na gaskiya da ke jikin lasifika ma, abin da yake nufi shi ne iyakar ƙarfin da za ta iya ɗauka ba ta ƙone ba. Ba ya gaya maka yadda za ta yi ƙara, balle yadda za ta yi daɗi.

Lambar da ta fi amfani ita ce ta desibel, wato yawan sautin da lasifika take bayarwa in an ba ta wat 1 aka saurara daga nisan mita 1. Ga lissafin: kowane ƙarin desibel 3 yana cin ninkin ƙarfin amfilifaya. Lasifika mai desibel 86 tana buƙatar wat 100 kafin ta kamo ƙarar da mai desibel 92 za ta bayar da wat 25 kawai. Ga mai amfani da sola ko inbata, ko mai ƙaramar amfilifaya, wannan bambanci ne da zai ji a kunne kuma ya ji a aljihu.

Sai om, wato ma'aunin yadda lasifika take tare wa wuta hanya. Yawancin waɗannan lasifikokin ana rubuta musu om 6 ko 8. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yadda take jan wuta daga amfilifaya, ita kuma ta ɗau zafi. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, amfilifayar da aka cusa a rufaffen kabad tana tura lasifika mai om 6 da ƙarfi ba za ta daɗe ba za ta kashe kanta.

Ɗakin da za a sa su

Nan ne na fi so mu daɗe, domin rabin abin da kunne yake ji a falo daga bango da ƙasa yake dawowa. Waɗannan lasifikokin an ƙera su ne ana tunanin gidajen Ingila da Amurka, masu kafet daga bango zuwa bango, ko daɓen katako da bangon allo mai shan sauti. Falonmu kuwa bulo ne da siminti, ƙasa tayil, sama silin mai tauri, ga tebur na gilashi a tsakiya. Tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar falonka ka saurara. In ka ji tafin ya yi wani ƙwar yana dawowa, to duk lasifika mai kaifin murya za ta ninka kaifinta a wurin. Abin da ya yi daɗi minti biyar a shago zai iya zama ciwon kai bayan awa ɗaya a gida.

Akwai kuma matsalar ɗaki sha biyu sha biyu, wanda shi ne awon da magina suka fi yi. Tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, ƙafa 12, wato mita 3.66. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka a irin wannan ɗakin akwai wani amon bas, wajen haz 47 (haz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), da yake kai da komo tsakanin bangaye huɗun yana taruwa a kan kansa. Shi ne gunjin nan da za ka ji yana danne komai in ka zauna jikin bango, in ka dawo tsakiyar ɗaki kuma ka neme shi ka rasa. Babbar lasifika mai wufa biyu na inci 8 a wannan ɗakin ƙara dagula lamarin take yi. Gaskiya in ɗakinka ke nan, ka yi tunanin ƙananan lasifikoki na kan kanta masu kyau, ko kuma mafi ƙanƙanta a cikin dogayen.

Abu na uku da ba kasafai ake faɗa ba shi ne inda mutanen gida suke zama. Ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti, wadda masu gyara suke kira tuwita, ana sa ta daidai kunnen wanda ke zaune a kujera. A gidaje da yawa kuwa a kan kafet ake zama a yi kallo, kujeru na baƙi ne. Mai zama a ƙasa, siririn sautin ta saman kansa yake wucewa. Ka riƙe wannan, zai dawo in mun zo kan lasifikar kamfanin Q Acoustics.

Su wane ne a fagen

Farashi yana bin dala, don haka zan bi su ne daga mai araha zuwa mai tsada. Kafin nan ga wani tarko da yake kama masu oda daga waje. A shagunan Amurka, farashin da ake rubuta wa dogayen lasifikokin Sony, Polk, Klipsch da Elac yawanci na guda ɗaya ne. A Ingila kuwa Wharfedale da Q Acoustics farashin biyun ake rubutawa. Mutum sai ya ga kamar ya tsinci dami a kala, kaya su iso ya tarar da ƙafa ɗaya.

Sony SS-CS3 ita ce ta talaka a wannan jerin. Wufa biyu ne da ita na wajen inci 5, da tuwita, da wata ƙaramar tuwita a samanta wadda kamfanin ya ce tana kaiwa haz 50,000. Kunnen ɗan Adam a haz 20,000 yake tsayawa, na manya ma bai kai nan ba, saboda haka kada wannan ya ja ka. Abin da take da shi na gaske shi ne murya mai tsabta a kan kuɗi kaɗan, ga ta siririya ba ta cin wuri. Bas ɗinta ba shi da zurfi, akwatinta ba shi da nauyi, in aka matsa mata a babban falo sai ta nuna iyakarta. Ga ango mai ɗaki da falo, wanda labarai da ƙwallo da finafinan gida ne yawancin kallonsa, ta wadatar, kuma ta yi wa kowace hom tiyatar kwali nisa.

Polk kamfani ne da aka kafa a Baltimo ta Amurka a 1972, kuma jerinsa na Monitor XT ya fito a 2021. XT60 tana da wufa ɗaya na inci 6.5 da wasu faifai biyu masu kama da wufa waɗanda ba su da maganaɗisu, iskar cikin akwatin ce take motsa su. XT70 wufa biyu ne da ita na inci 6.5 da irin waɗancan faifan guda biyu na inci 8. Wannan tsarin yana da amfani biyu a wurinmu. Yawancin lasifikoki suna da rami a baya da bas yake fita ta ciki, kuma ramin yana son a bar masa fili tsakaninsa da bango. Polk ɗin nan ba su da rami, don haka sun fi haƙuri in dole ta sa an matsa su kusa da bango, kamar yadda ake yi a yawancin falukanmu inda uwargida ba za ta yarda a tsayar da akwati a tsakiyar hanya ba. Na biyu, akwatin a rufe yake ruf, ƙurar hunturu da kyankyaso da ɓera ba su da ƙofar shiga. Duk mai gyaran rediyo zai gaya maka abin da yake tararwa a cikin lasifika mai rami. Sautinsu mai kauri ne, mai daɗin fim, duk da cewa a waƙa ba su kai 'yan Ingilan nan biyu, Wharfedale da Q Acoustics, tsantseni ba. XT60 tana son amfilifaya mai ɗan ƙarfi, XT70 ta fi ta saurin tashi amma tana son falo mai faɗi.

Klipsch ita ce za ta fi burge ka a shago, da jajayen wufanta masu launin tagulla da bakin tuwita mai siffar ƙaho. Paul Klipsch ya kafa kamfanin a garin Hope na jihar Akansas a 1946, kuma tun daga lokacin a kan ƙahon nan suka tsaya. Aikinsa iri ɗaya ne da na kakaki: yana tattara sauti ya tura shi gaba. R-610F mai wufa ɗaya an rubuta mata desibel 94, R-620F mai wufa biyu 96. Masu auna lasifika da na'urorinsu sukan sami lambobin Klipsch ƙasa da abin da aka rubuta, amma duk da haka suna cikin masu saurin tashi da ƙaramar amfilifaya. A fim ba a magana: harbi, tsawa, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, duk suna fitowa da rai, maganar 'yan wasa kuma tana iso ka tar ko kana can ƙarshen falo. Sai dai wannan kaifin shi ne kuma abin tsoronta. A falon tayil marar kafet, muryar mata a waƙoƙin Indiya ko amon kukuma da goge suna iya zama masu huda kunne. Yawancin waƙoƙin da muke ji ta waya an riga an matse su, wasu kuma tun a situdiyo aka cika musu siririn sauti, ita kuwa Klipsch ba ta rufa wa irin wannan asiri. In falonka babba ne, da kafet mai kauri da labule da kujerun kushin, kuma fim ne gaba a wurinka, ka saye ta hankali kwance. In ba haka ba, ka je da waƙar da ka fi sani ka saurara minti ashirin cur kafin ka ciro kuɗi.

Elac Debut tana da tarihin da ya sa masu son sauti suke girmama ta. Injiniya Andrew Jones, wanda ya yi aiki da kamfanin KEF sannan ya ƙera wa kamfanin TAD lasifikoki masu tsadar gaske, shi ne ya zana wa Pioneer wasu masu araha da suka yi suna, ciki har da SP-FS52. A 2015 ya koma Elac ya fitar da Debut, a 2018 aka fitar da Debut 2.0. F5.2 tana da wufa uku na inci 5.25, F6.2 uku na inci 6.5. Sautinsu a daidaice yake, ba sa ƙara gishiri, kuma murya tana fitowa da cikar jikinta. Matsalar ita ce ci: desibel 86 zuwa 87 a kan om 6. Ƙaramar amfilifaya ba za ta tashe su ba, sai ka ji su kamar masu jin barci, ka zargi lasifika alhali ba laifinta ba ne. Tunda Debut 3.0 ta fito a 2024, ana samun ta 2.0 da rangwame, amma abin da ka rage a nan ka shirya mayar da shi a kan amfilifaya.

Yanzu ga biyun da zuciyata ta fi karkata gare su. Wharfedale tsohon gida ne, Gilbert Briggs ya kafa shi a yankin Yokshaya na Ingila a 1932. Diamond 12.3 ta fito a 2020 a kan fam 499 duka biyun, kuma injiniyan Jamus Karl-Heinz Fink ne ya jagoranci ƙirarta. Wufa biyu ne da ita na inci 5 da tuwita ta yadi mai laushi. Ba ta da tsayi sosai, ba ta da faɗi, kuma a shago ba za ta ja hankalinka ba in tana gefen Klipsch. A gida ake sanin darajarta. Siririn sautinta a sanyaye yake, shi ya sa take zama lafiya da falon siminti. Ka sa mata karatu, ka ji numfashin mai karatu da inda harafi yake fita, ba tare da wani kauri na ƙarya ba. Ka sa kiɗan kalangu, ka ji yadda makaɗi yake matse tsirkiya amon yana hawa yana sauka, abin da lasifika mai yawan gunji take haɗiyewa gaba ɗaya. Ana iya jin ta daga la'asar har dare kunne bai gaji ba. Ga matsakaicin falo, ni ita zan fara nuna wa ɗan'uwana. Iyakarta a fili take: wufa na inci 5 ba zai girgiza kujera ba in jirgi ya fashe a fim, kuma a falo mai girman gaske za ta yi kaɗan. A nan sai a duba yayarta, 12.4, mai wufa na inci 6.5.

Q Acoustics ƙaramin yaro ne a cikinsu, a 2006 aka kafa shi a Ingila. 3050i ta fito a 2018 a kan fam 649, an kuma maye gurbinta da 3050c a 2024. Wufa biyu ne da ita na inci 6.5, desibel 91, om 6, kowace ɗaya tana kusan kilo 18. Ta haɗa abin da ake so a Klipsch da abin da ake so a Wharfedale: tana tashi da ƙaramar amfilifaya, tana cika babban falo, amma ba ta da kaifin da ke gajiyar da kunne. Tuwitarta a tsakanin wufa biyun take, ƙasa da inda sauran suke sa tasu, don haka masu zama a kan kafet sun fi samun rabonsu. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: akwatin yana da zurfi, ramin bas yana baya, tana son a janye ta daga bango kamar rabin mita. In aka manna ta a lungu bas ɗin sai ya kumbura ya rufe murya. Akan toshe ramin da soso a rage matsalar, amma wanda ya san ba shi da filin nan gara ya koma kan Polk ko Wharfedale. Nauyinta kuma kuɗi ne in daga waje za a auno maka ita a kilo.

In fim ne ya fi yawa

Ana ɗaukar sautin fim ne a rarrabe: magana tana da layinta na tsakiya, rugugin ƙasa yana da nasa. Da lasifika biyu kawai, amfilifaya ko talabijin ne suke raba maganar tsakanin dama da hagu. Wanda ya zauna daidai tsakiya zai ji ta kamar daga allon take fitowa, amma wanda yake kujerar gefe zai ji ta ta koma wajen lasifikar da ta fi kusa da shi. Gidan da mutum takwas suke taruwa kallo bayan isha'i, lasifikar tsakiya ta fi musu amfani a kan komai. Ka sayi ta gida ɗaya da dogayen don murya ta zo iri ɗaya: Sony tana da SS-CS8, Polk XT30, Elac C5.2, Wharfedale 12.C, Q Acoustics 3090Ci. Ba dole ne a saye ta rana ɗaya ba, amma dole amfilifayar ta zama mai layi biyar, irin su Yamaha RX-V4A ko jerin Denon AVR.

Akwatin wufa na daban, wanda ake kira sabwufa, shi ne na ƙarshe a layi. Babu ɗaya a cikin lasifikokin nan da take kaiwa can ƙasan da finafinan yaƙi suke kaiwa. In ka ƙara shi daga baya, ka saita amfilifaya ta tura masa duk abin da ke ƙasa da haz 80, dogayen su huta su yi aikin murya. Amma in gidan haya kake, bango ɗaya da maƙwabci, ka bar shi. Bas yana ratsa bulo fiye da kowane sauti, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya fi daɗin fim.

Ga mai lasifika biyu kawai, Yamaha A-S301 tana da wat 60 a kowane ɓangare da kuma ramin wayar haske da ake jonawa da talabijin. WiiM Amp ƙarama ce, ita ma wat 60, tana da HDMI, kuma irin ƙirarta ba ta cin wuta ba ta ɗaukar zafi sosai, abin da mai sola zai so. Sony STR-DH190 ta fi su araha, tana da Bluetooth, amma ba ta da ramin wayar haske. In ka jona talabijin da irin A-S301 ka ji shiru ko wani shuu, shiga saitin sautin talabijin ka mayar da shi PCM. Mutane da yawa sun mayar da kaya shago a kan wannan ɗan saitin.

Wuta da gwanjo

Lasifika ba ruwanta da ƙasar da aka sayo ta. Amfilifaya kuwa da ruwanta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Na ga wani abokina ya karɓi sabuwar amfilifaya da ƙaninsa ya aiko masa daga can, ɗoki ya sa ya jona ta kai tsaye, ko sauti ɗaya ba ta yi ba sai hayaƙi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗin wata da watanni ne. Ka duba bayan na'ura kafin ka jona. In 120 aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya zarce abin da amfilifayar take ci. Ta Ingila, Turai ko Dubai ba ta da wannan matsalar. Ka sa sitabilaiza, kuma in an ɗauke wuta ka kashe soket kafin a dawo da ita ko a tayar da janareto. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi takan sa amfilifaya ta riƙa kuka a ciki.

Abin da ya fi kashe tuwita ƙaramar amfilifaya ce da aka murɗa fiye da ƙarfinta, har sauti ya fara tsagewa. Da zarar ka ji ya fara karcewa, rage. Ranar suna ko biki kuma a ɗauko hayar lasifikar masu DJ, waɗannan ba a yi su don tsakar gida ba.

Gwanjo hanya ce mai kyau, domin lasifika mai kyau tana shekara ashirin tana aiki, kuma a Alaba ta Legas ko wajen masu kayan kwantena akan ci karo da tsofaffin Wharfedale, Mission, Tannoy ko Yamaha a kan kuɗin da bai kai na sabuwar Sony ba. Sai dai a duba da kyau. Cire murfin gaba ka kalli zoben da ya kewaye wufa: in na soso ne kuma yana marmashewa, gyara yana jiranka, na roba ya fi jure zafinmu. Sa yatsu ka danna wufan a hankali, daidai ta kowane gefe. In ka ji yana gogar wani abu a ciki, ya taɓa ƙonewa. Kunna sauti ƙasa-ƙasa ka kai kunne bakin kowace tuwita, don sau da yawa ɗaya ta mutu mai kaya bai ma sani ba. Dubi ƙasan akwatin, in katakon ya kumbura ruwa ya taɓa shi. Dubi kusoshin da suka riƙe wufa, in sun sha sukuddireba wataƙila an canza na asali da wani. A sabo ma a yi hattara da jabu: ɗaga ta ka ji nauyi, ƙwanƙwasa gefenta, akwatin kirki ba ya amsawa kamar ganga.

Waya ba ta buƙatar tsada. Ta tagulla zalla wadda ake kira 1.5mm ta isa, 2.5mm in nisan ya wuce mita goma. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka ɓangarorin, in aka juya ɗaya bas sai ya ɓace. A kan tayil a sa ƙafafun roba maimakon ƙusoshin ƙarfen da suke zuwa da su, kuma gidan da ke da masu rarrafe a bar murfin gaba a rufe, don tuwita tana jan yatsan yaro.

To wacce?

In kuɗin ya yi kaɗan ƙwarai, Sony, ko gwanjo mai lafiya. In dole lasifika ta jingina da bango kuma fim ne abin so, Polk XT60 a matsakaicin falo, XT70 a babba. Klipsch ta mai babban falo ce da ya sha kafet da labule. Elac ta wanda ya riga ya mallaki amfilifaya mai ƙarfi. Mai fili da ɗan hali, wanda yake son waƙa da fim daidai wa daida, Q Acoustics. Amma mafi yawan masu tambayata falonsu matsakaici ne, tayil ne a ƙasa, da safe karatu suke sawa, da rana rediyo da waƙa, da dare a kalli fim da iyali. Su Wharfedale Diamond 12.3 nake ce musu, da amfilifaya mai wat 50 zuwa 60.

Kowacce ka ɗauka, ware kuɗin kafet mai kauri da za a shimfiɗa tsakanin lasifikokin da wurin zama, da labule mai nauyi a taga. Ka raba su kamar mita biyu zuwa biyu da rabi, nisanka da kowace ɗaya ya yi daidai da nisan da ke tsakaninsu, ka ɗan karkato fuskarsu wajen kujerarka. Sannan ka sa muryar da ka fi sani, ka riƙa janye su daga bango taƙi ɗaya taƙi ɗaya, har inda gunjin zai saki muryar.